Babi na Biyar: Yadda Mahaifiyar Washington Ta Raba Dukiyarta

Wai da gaske ne a Amurka uwa na iya zama ta rubuta takarda, ta ba ɗa ɗaya gona, ta ba wani doki, ta bar na uku da madubi kawai, kotu kuma ta zartar? Hausawa da sauran Musulmin Afirka ta Yamma da ke zaune a Landover da Lanham da sauran unguwannin gabashin birnin Washington sukan yi wannan tambaya, musamman idan aka yi rasuwa aka zo maganar gado. Amsar a taƙaice ita ce e, da gaske ne. Sai dai wannan iko yana da tarihi, kuma a can baya matar aure ba ta samunsa sai bayan ta binne miji. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar al'amarin ita ce a duba wasiyyar da wata tsohuwa ta rubuta a 1788, wato Mary Ball Washington, mahaifiyar shugaban Amurka na farko.

Ƙasar taba da dokar Ingila

Landover tana cikin gundumar Prince George's ta jihar Maryland, gundumar da aka kafa a 1696. Inda yau ake ganin manyan tituna da rumbunan ajiyar kaya da filin wasan ƙwallo, a ƙarni na 18 gonakin taba ne, kuma bayi 'yan Afirka ke noma su. Haka abin yake a tsallaken kogin Potomac, a Virginia. Yankunan biyu suna ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, dokar gadonsu ma daga can ta zo, ko da yake kowanne ya yi mata 'yan gyare-gyare.

A wannan doka, ranar da aka ɗaura wa mace aure dukiyarta ta koma hannun miji. Kuɗinta da dabbobinta da kayanta sun zama nasa. Filin da ta gada a gidansu yana nan da sunanta, amma miji ne ke sarrafa shi, shi ke cin amfaninsa. Ba ta ƙulla ciniki ita kaɗai, ba ta shigar da ƙara da sunanta, ba ta kuma rubuta wasiyya a kan ƙasa. Bahaushiyar da ta saba kiwon awakinta da sana'arta a cikin gida, miji ba ya taɓa ko kwabo sai da yardarta, za ta yi mamakin jin haka, amma haka matan Turawa suka rayu har sai da jihohi suka fara sauya dokar, Mississippi a 1839, New York a 1848.

Idan miji ya mutu sai lamarin ya juya. Matar takan zama mai cin gashin kanta a gaban doka: tana saye, tana sayarwa, tana kai ƙara, tana rubuta wasiyya. Doka ta kuma ba ta sulusin filayen mijin, amma da sharaɗi mai nauyi. Amfani kawai za ta ci iya rayuwarta. Ba ta sayar da wannan sulusi, ba ta bayar da shi kyauta, ba ta sa shi a wasiyya. Da ta mutu sai ya koma ga magadan mijin. Idan kuwa ta sake aure, duk abin da ke hannunta ya shiga ƙarƙashin sabon miji.

Mutumin da ya mutu bai bar wasiyya ba, ƙasarsa duka babban ɗansa namiji ke gada. Virginia ta soke wannan tsari a 1785, Maryland ta bi a 1786. Wannan ne ya sa masu hali ba sa wasa da rubuta wasiyya, domin ita ce hanyar da ƙanana za su samu ko da eka ɗaya.

Rabon da aka riga aka yi

Augustine Washington ya mutu a watan Afrilu na 1743, ya bar matarsa ta biyu, Mary, tana da kimanin shekara 35 da 'ya'ya biyar a gabanta: George mai shekara 11, sai Betty, Samuel, John Augustine da Charles. Yana kuma da manyan 'ya'ya maza biyu da matarsa ta fari ta haifa masa, su ne suka kwashi rabo mafi tsoka. Lawrence ya samu gonar bakin Potomac da daga baya aka sa wa suna Mount Vernon, Augustine ƙarami ya samu gonar Popes Creek. George ya samu Ferry Farm, gonar da ke daura da garin Fredericksburg, kimanin kilomita 80 kudu da inda birnin Washington yake yanzu, haɗe da bayi goma. Ƙananan maza ma an yanka musu nasu filayen.

Ke nan babbar dukiyar gidan uba ne ya raba ta da alƙalaminsa. Abin da ya rage wa Mary shi ne riƙo da kulawa. Ta ƙi sake aure, abin da ba a saba gani ba ga mace mai shekarunta a wancan zamani, ta zauna a Ferry Farm tana gudanar da noma da tarbiyyar yara. George ya cika shekara 21 a 1753, gonar ta zama tasa a doka, amma uwar ba ta motsa ba sai 1772, lokacin da ya saya mata gida a cikin Fredericksburg kusa da gidan Betty. Zaman nasu bai rasa ɗan tsami ba. Takan koka da rashin kuɗi, shi kuma yana ganin yana ba ta abin da ya isa. A 1781, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, aka yi yunƙurin yanka mata fansho daga majalisar Virginia, George ya ji kunya ƙwarai ya nemi a dakatar da maganar.

Ta kwashe shekara 46 ba miji. A cikinsu ta binne Samuel a 1781 da John Augustine a 1787. Da ta zo rubuta wasiyya, 'ya'ya uku ne suka rage mata.

Abin da takardar ta ƙunsa

Ta sa hannu a wasiyyar ranar 20 ga Mayu, 1788. George ne ya fara fitowa. Ta ba shi filayenta da ke Accokeek Run a gundumar Stafford, waɗanda nata ne na kanta, shi ya sa take da ikon bayarwa. Ta haɗa masa da gadonta mafi kyau da labulensa na saƙar Virginia, da bargo mai shuɗi da fari, da madubinta mafi kyau, da wani yaro bawa wanda shi ma sunansa George. Charles ta ba shi bawa ɗaya, Tom, a nan rabonsa ya tsaya. Betty, 'yar da ta fi kowa ɗawainiya da ita a tsufanta, ta samu keken doki da doki ja.

Daga nan sai ta juya ga jikoki, kuma a nan ne aka fi ganin hannunta. Corbin, ɗan marigayi John Augustine, ya samu ƙaramin keken doki da baƙaƙen dawaki biyu da wata tsohuwar baiwa mai suna Bet. Mahaifiyarsa Hannah, surukar Mary, wadda ita ma ba ta daɗe da rasa miji ba, ta samu alkyabbar sanyi mai launin shunayya. Fielding Lewis, ɗan Betty, ya samu bawa Frederick da cokulan azurfa takwas da kayan shayi na tangaran da kujerun jar fata shida da rabin tukwane da kwanonin gidan. Jikarta Betty Carter ta samu babban madubi da teburin rubutu da teburin cin abinci da gado da shimfiɗunsa, sai wata baiwa, Bet ƙarama, haɗe da duk 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Tufafinta kuwa ta ce a raba daidai tsakanin jikoki mata uku, amma idan 'yarta Betty ta ga guda ɗaya ko biyu ko uku da take so, ta ɗauka kafin a fara rabo.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda tsohuwa a Kano ko Katsina ke tsara kayan ɗakinta, ta san wace tasa za ta je ɗakin wace jika ranar aurenta, zai gane wannan lissafi. Mary ta san kowane zanen gado da kowane cokali. George, wanda a lokacin yana cikin masu kuɗin Virginia, ba ya buƙatar bargo. An ba shi mafi kyau ne don girma. Jikoki su ne aka ba kayan amfanin yau da gobe.

Ta naɗa George wasiyyi, ta ce da yake ba ta da bashi a kanta sai abin da ba a rasa ba, kada a nemi ya ajiye jingina, kada kuma a yi wa kayan kima, a dai miƙa wa kowa nasa ba tare da jan lokaci ba. Ta rasu ranar 25 ga Agusta, 1789, sakamakon ciwon daji na nono, wata huɗu bayan an rantsar da ɗanta shugaban ƙasa.

Da a gaban alƙali ne

A ce irin wannan dukiya ce ta wata Musulma aka kawo gaban alƙali a Kano a wancan zamani. Zai fara da kuɗin jana'iza, ya biya bashi, ya fitar da wasiyya, sannan ya raba saura. 'Ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ba miji ba iyaye: kashi biyar ke nan, kowane namiji biyu, mace ɗaya. Abin da aka ware wa George da Charles da Betty da sunan wasiyya ba zai wuce ba sai sauran magada sun yarda, domin babu wasiyya ga magaji. Abin da aka ba jikoki da suruka zai wuce, muddin bai haura sulusin dukiyar ba. Corbin ma da wasiyyar kaɗai zai samu, tunda mahaifinsa ya riga kakar rasuwa, baffanninsa kuma sun shamakance shi. Uwar da ke son fifita wani sai ta ba shi kyauta tun tana da rai da lafiya, ya karɓa ya mallaka.

A ɓangaren matar mamaci ma akwai bambanci. Shari'a ta ba ta tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. A ido sulusin Turawa ya fi yawa, amma tumunin Musulma mallakinta ne har abada, ta sayar ko ta kyautar, ta sake aure da abinta, magadanta su gaje shi. Sulusin ƙasar da aka ba Baturiya aro ne da ke ƙarewa ranar da ta cika. Tsarin Ingila ya sakar wa mai wasiyya hannu ya yi yadda ya ga dama, amma ya taƙaita abin da mace za ta kira nata. Shari'a ta ɗaure hannun mai wasiyya, ta tabbatar wa mace mallaka.

Mutanen da ke cikin jerin kaya

Ba za a karanta wasiyyar Mary a tsallake abu guda ba: George da Tom da Frederick da Bet babba da Bet ƙarama mutane ne, an jera su tsakanin madubi da cokali, kowanne an tura shi gida dabam. Jariran da ba a haifa ba ma an riga an yi kyauta da su. Dokar Virginia ta 1662 ce ta ba da damar haka, domin ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa ne, ko da ubangidan ne ya haife shi.

Labarin surukar Mary, wato Martha matar George, ya nuna yadda sulusin matar mamaci ke aiki a kan bayi. Mijinta na fari, Daniel Parke Custis, ya mutu a 1757 bai bar wasiyya ba, ya bar fiye da eka 17,000 da bayi kusan 300. Martha, mai shekara 26, ta samu sulusi na cin amfani, ta shiga gidan George da shi a watan Janairun 1759. 'Ya'yanta biyu da suka girma duk sun riga ta mutuwa, mace a 1773, namiji a 1781. Namijin, John Parke Custis, ya auri Eleanor Calvert a 1774 a gidan Mount Airy da ke cikin gundumar Prince George's, ya bar 'ya'ya huɗu. Su ne masu jiran sulusin.

Lokacin da George ya mutu a 1799 akwai bayi 317 a Mount Vernon. Guda 123 nasa ne, ya yi wasiyya a 'yanta su bayan rasuwar matarsa, ita kuma ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu, 1801. Guda 153 na gadon Custis ne, kuma daga George har Martha babu mai ikon 'yanta ko ɗaya. Shekara arba'in ɓangarorin biyu suna auratayya, don haka aka wayi gari miji ɗa ne, mata da 'ya'ya bayi. Da Martha ta rasu a watan Mayun 1802 aka raba su gida huɗu tsakanin jikokin. Wasu suka koma hannun Martha Peter, wadda ta gina Tudor Place a Georgetown, wasu Woodlawn wajen Nelly Lewis, wasu wajen Eliza Law, wasu kuma hannun George Washington Parke Custis, wanda ya gina gidan Arlington, inda maƙabartar sojojin Amurka take a yau.

Bayin sun san wannan lissafi sarai. Wata budurwa mai suna Oney Judge, hadimar Martha, ta samu labarin za a ba da ita ga Eliza, sai ta sulale daga gidan shugaban ƙasa a Philadelphia a 1796, ta hau jirgin ruwa zuwa New Hampshire. An aika a dawo da ita ta ƙi, a can ta mutu a 1848.

Gaskiya ɗaya ce, a ƙasar Hausa ma an gaji bayi an raba su, kuma bauta ba ta ƙare a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936, alhali Maryland ta soke ta a 1864. Bambancin yana cikin wasu ƙa'idoji: a mazhabar Malikiyya ba a raba uwa da ƙaramin ɗanta wajen sayarwa, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta ɗa ne mai cin gado, ita ma tana 'yantuwa idan ya mutu. Dokar ƙasar taba ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai kuma matar mamacin da ta yi amfani da ikonta ta wata fuska. Yarrow Mamout Musulmi ne da aka kawo Annapolis daga Afirka ta Yamma a 1752, masana tarihi na ganin Bafulatani ne. Ya yi bauta a gidan Samuel Beall, ɗansa Brooke ya gaje shi, ya kuma yi masa alkawarin 'yanci idan ya gama buga tubalin sabon gidansa. Brooke ya mutu bai cika ba, sai matarsa Margaret ta cika alkawarin a 1796. Yarrow ya sayi fili a Georgetown a 1800, ya rayu yana sallarsa har ya rasu a 1823.

Abin da ya rage a dokar yau

Yawancin wancan tsari ya shuɗe. Matar aure a Maryland tana mallakar dukiyarta, tana rubuta wasiyyarta kamar kowane namiji, babban ɗa kuma ba shi da wani fifiko. Abin da ya wanzu shi ne 'yancin mai wasiyya. Duk wanda ya kai shekara 18 yana cikin hankalinsa, ya rubuta, ya sa hannu, shaidu biyu suka sa nasu, zai iya ba ɗa ɗaya komai ya hana sauran, ko ya ba wanda ba dangin iya ba na baba. Mata ko miji ne kawai ba a iya hanawa gaba ɗaya: wanda aka bari yana da damar ƙin amincewa da wasiyyar ya karɓi sulusi idan mamacin ya bar zuriya, ko rabi idan bai bari ba. Mazauna Landover suna kai irin waɗannan takardu ne Upper Marlboro, hedikwatar gundumar, inda ofishin rajistar wasiyyoyi da kotun marayu suke.

Wannan 'yanci shi ne ƙofar da Musulmi ke bi. Tunda doka ta bar mutum ya raba yadda ya so, yana iya rubuta cewa a raba dukiyarsa bisa kason shari'a. Idan bai rubuta ba, kotu ba za ta tambayi addininsa ba, jadawalin jiha za ta ɗauko ta yi aiki da shi. Babi na gaba zai bi wannan jadawali dalla-dalla, ya nuna abin da ke samun gida da mota da kuɗin banki na mutumin da ya mutu a Maryland bai bar wasiyya ba, da kuma matsayin iyaye da 'ya'yan da ya bari a Najeriya ko Nijar.